Makoɗa da alƙaluman Abuja: Da wane mudu ake auna ci gaban talaka?

A watan Fabrairun 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta sanar da cewa hauhawar farashin kayayyaki a Najeriya ta tsaya a kashi 24.48 cikin 100 a watan Janairu, alhali a watan Disamban da ya gabace shi kashi 34.80 aka bayar. Duk ɗan kasuwar da ke da rumfa a Singa ko Dawanau ya san babu wani abin al'ajabi da ya faru a cikin waɗannan kwana talatin. Mudun awon aka sauya. Hukumar ta ɗauke shekarar da take kwatanta farashi da ita daga 2009 ta dawo da ita 2024, ta kuma sabunta jerin kayayyakin da take bibiyar farashinsu domin su dace da abin da magidanta ke saye a yau.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A watan Afrilun 2014, lokacin da Dokta Yemi Kale ke shugabantar hukumar, 'yan Najeriya sun kwana tattalin arzikin ƙasarsu yana wajen dala biliyan 270, suka wayi gari ya kai kimanin dala biliyan 510, har ya tsere wa na Afirka ta Kudu. Dalili shi ne an daɗe ana lissafi da ma'aunin 1990, zamanin da babu wayar salula, sana'ar fim kuma ba ta yi ƙarfi ba. A watan Agustan 2023 kuma rashin aikin yi, wanda aka bayar a kashi 33.3 a ƙarshen 2020, ya koma kashi 4.1, saboda an karɓi ma'anar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ke aiki da ita, wadda ta ce duk wanda ya yi aikin neman kuɗi ko da na awa ɗaya ne a mako, yana da aikin yi.

Jama'a da dama sun ɗauki waɗannan sauye-sauye a matsayin siddabaru, kuma ba za a ga laifinsu ba. Amma a yi adalci. Sabunta ma'auni aiki ne da kowace hukumar ƙididdiga ke yi, an ma so a riƙa yin sa duk bayan kamar shekara biyar. Ghana ta yi nata a 2010, arzikinta ya ƙaru da fiye da kashi 60 a takarda. Laifin da ke akwai na jinkiri ne, don wanda ya bar gemu ya yi shekara ashirin, ranar da ya aske dole a kasa gane shi. Babbar matsalar tana wani wuri dabam. Duk waɗannan alƙaluma na saman bene ne, suna magana a kan Najeriya gaba ɗayanta. Idan aka sauko ƙasa, inda mutane ke kwana suna tashi, sai a tarar da kundin kusan babu komai a cikinsa.

A ɗauki Ƙaramar Hukumar Makoɗa a arewacin Jihar Kano, wadda hedikwatarta ke Koguna, kuma take mazaɓar tarayya ɗaya da Ɗambatta. Ƙasa ce ta manoma, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Faɗinta murabba'in kilomita 441 ne. Ƙidayar 2006 ta ce mutum 222,399 ke zaune a cikinta, wato sama da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita. Daga watan Maris na 2006 zuwa yau ba a sake bi gida-gida an ƙirga su ba. Jaririn da aka goya a ranar ƙidayar ya isa jefa ƙuri'a, wata ma da aka haifa a shekarar tana goye da nata.

To, mutum nawa ne a Makoɗa yanzu? Abin da ake yi shi ne a ɗauki adadin 2006 a riƙa ɗora masa wani kaso duk shekara. Idan aka ɗora kashi 3.2, wanda aka daɗe ana amfani da shi ga ƙasa baki ɗaya, bayan shekara 20 za a samu mutum kusan 418,000. Idan aka ɗora kashi 2.5, sai a samu kusan 364,000. Tsakanin lissafin biyu akwai mutum fiye da 50,000, a ƙaramar hukuma ɗaya tak daga cikin 774. A ƙaddara ɗaya cikin biyar na wannan rata yara ne 'yan firamare. Yara dubu goma ke nan, kuma a bisa ƙa'idar malami ɗaya ga ɗalibi 35 da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada, ana maganar azuzuwa kusan 300 da malamansu. Jami'in tsare-tsaren da ke zaune a sakateriya ba shi da hanyar sanin ko ana bukatarsu ko ba a bukata. Haka abin yake ga allurar rigakafi, da gidan sauro, da rijiyar burtsatse, da buhunan taki.

Kuma kowane ɗaya aka ɗauka cikin lissafin biyu, ƙasar ba ta ƙaru ba. A 2006 kowane mutum a Makoɗa na da kusan kashi ɗaya cikin biyar na hekta, har da filin gidaje da hanyoyi da maƙabartu. Yanzu abin ya doshi rabin haka. Wannan ita ce magana mafi girma a rayuwar yankin, ita ke bayanin yadda gandu ke tsagewa duk lokacin rabon gado, ita ke tura samari ci-rani, amma babu wani rahoton wata-wata da ke ɗauke da ita.

Abin da ya sa ƙidaya ta zama faɗa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar kowace ƙasa ta ƙirga jama'arta duk shekara goma. Najeriya ba ta taɓa cika wannan ƙa'ida ba tun samun 'yancin kai. An soke ƙidayar 1962 saboda gardama, aka sake ta a 1963 aka samu mutum miliyan 55.6, gwamnatin Jihar Gabas ta garzaya kotu. Ta 1973, wadda ta ba da miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta samu kusan miliyan 89, alhali ana ta hasashen an haura miliyan 100 da nisa. Ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, Kano na da miliyan 9.4, Legas na da miliyan 9.1, gwamnatin Legas kuwa ta ce sam, mutanenta sun haura miliyan 17. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki.

Sirrin wannan rikici ba ɓoyayye ba ne. A wajen raba kuɗin Asusun Tarayya tsakanin jihohi, da kuma tsakanin ƙananan hukumomi, kashi 30 cikin 100 ana raba shi ne bisa yawan jama'a. Kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, kashi 10 bisa ƙoƙarin tara kuɗin shiga, sauran kashi 10 kuma bisa alamomin ci gaban jama'a, irin su yawan ɗaliban da aka yi wa rajista da gadajen asibiti. Kujerun Majalisar Wakilai ma da yawan jama'a ake yanka su. Idan adadin da mutum ya bayar shi ne zai yanke masa rabonsa, an haɗa shi da jarrabawar da ba kowa ke cin ta ba. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamakin yadda awo ya ƙi daidaita.

Ta ɓangaren talaka kuwa, tarihin ya sha bamban. A zamanin Turawa da na En'e, rubuta sunan mutum a littafin dagaci na nufin haraji, ƙirga shanu na nufin jangali. Ƙidayar 1931 a yawancin Arewa ma daga takardun haraji aka harhaɗa ta. Magidanci ya koyi rage yawan samarin gidansa, makiyayi ya koyi kora rabin garke daji kafin malamin jangali ya iso. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, amma tsoron mai biro da takarda bai tafi tare da su ba. Ga kuma kunya irin tamu: uwa na iya tsallake ɗan fari idan ana lissafa 'ya'ya, kuma ba kowa ke son ambaton jaririn da ya koma ba, alhali da wannan amsa ake auna mace-macen ƙananan yara. Daga baya kuma zamanin tallafi ya zo ya juya lamarin, rubuta suna ya koma alamar za a raba wani abu, sai gida mai mutum takwas ya zama mai goma sha biyar. Mai ƙidaya na shiga ƙauye da waɗannan abubuwa biyu a gabansa, ɗaya na ja ƙasa, ɗaya na ja sama.

Inda binciken ya tsaya

Ba a ce ba a yin komai ba. NBS na gudanar da bincike na samfuri, wato a zaɓi wasu gidaje a yi musu tambayoyi, a ɗauki amsarsu a matsayin ta sauran, kamar yadda mai sayen hatsi ke soka buhu ya duba abin da ya fito. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40.1 na 'yan ƙasa, mutum miliyan 82.9, na ƙasa da layin talauci, ban da Jihar Borno da rashin tsaro ya hana a kammala aikin a cikinta. A Kano kashi 55 ne. Layin talaucin shi ne naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, kimanin naira 376 a rana, kuɗin da a yau ba su kai na litar man fetur ɗaya ba.

A watan Nuwamban 2022 aka fitar da wani rahoton da ya auna talauci ta fuskoki da yawa: lafiya, ilimi, yanayin muhalli, aikin yi da bala'o'in da ke afka wa gida. Shi ne ya fito da adadin nan da ya karaɗe kafafen yaɗa labarai, mutum miliyan 133, kashi 63 na 'yan ƙasa. A karkara kashi 72 ne, a birni kashi 42. Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91, Ondo ce a ƙarshe da kashi 27, Kano kuwa ta fi kowace jiha yawan mutanen da abin ya shafa, sama da miliyan 10. An shiga gidaje fiye da 56,000, kuma an yi abin yabo, domin an sauko da sakamakon har matakin mazaɓun sanata 109.

Amma a nan ya tsaya. Makoɗa ɗaya ce cikin ƙananan hukumomi 13 na Kano ta Arewa. An zuba ta a tukunya ɗaya da Bichi da Gwarzo da Dawakin Tofa, mai kasuwar Dawanau a cikinta. Idan gobe aka gina asibiti goma a Bichi, alƙaluman Kano ta Arewa za su yi kyau ko da ba a ajiye ƙwayar magani ɗaya a Koguna ba. Matsakaicin adadi yakan ɓoye wanda aka bari a baya, ga shi kuma taken Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa 17 da Najeriya ta sa wa hannu a 2015, da wa'adin 2030, shi ne kada a bar kowa a baya. Wanda ba a san inda yake ba, yaya za a san ko an bar shi?

Sannan akwai tambayar ko ma'aunin ya dace da rayuwar da ake aunawa. A dubi shekarar manomin Makoɗa. Da damina ba ya da lokacin kansa, daga shuka sai noman fari sai maimai. Da kaka yana girbin gero da dawa da wake da gyaɗa. Da rani yana Kano ko Abuja ko Kudu yana ga-ruwa, ko dako, ko acaɓa. Matarsa na cikin gida tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kiwon awaki, yara na kai mata talla. A sabon ma'auni da wuya a kira wannan gida marasa aikin yi, kuma gaskiya ne, don talaka ba shi da halin zama. Kashi 4 da ake faɗa daidai ne a bisa ma'anarsa, sai dai bai amsa tambayar da ke damun mutane ba, wato ko aikin na ciyar da mai yin sa. Rahoton na NBS kansa ya nuna fiye da kashi 90 na masu aikin suna ɓangaren da babu albashi tsayayye, babu fansho, babu rajista. Wannan ne ya cancanci babban kanun labari, amma 'yan siyasa suka ɗauki kashi 4 suka hau mumbari da shi.

Rashin awo ba kullum yake ɓoye wahala kaɗai ba, wani lokaci nasara yake ɓoyewa. Shekaru da dama masana daga waje na hasashen cewa ƙasar da ta kewaye birnin Kano za ta gaji ta mutu saboda cunkoson jama'a da saran itace. Marigayi Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana auna gonakin yankin. Shi da abokan aikinsa sun gwada hotunan sama na shekaru daban-daban, suka bi gona-gona, suka tarar itatuwan gona ba su ƙare ba, don manomi na tsaron ɗorawarsa da gawonsa da kukarsa kamar yadda yake tsaron akuyarsa, kuma ana noma gona ɗaya kowace shekara da taimakon takin gida da toka da sharar birni. Da hasashe aka bi, da an tsara wa waɗannan mutane maganin cutar da ba su da ita.

Darasin shan-inna

Kano ta taɓa ganin amfanin ƙirga na ƙwarai da idonta. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna, an daɗe ana tura masu rigakafi da taswirar da aka zana da hannu, ana dawowa da rahoton cewa an yi wa kusan kowane yaro, cutar kuma na ci gaba da ɓulla. Daga wajen 2012 aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, aka zana kowane ƙauye da unguwa da ruga, aka ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Sai ga ƙauyukan da ba sa kan kowace taswira, musamman na kan iyakar mazaɓu, inda kowane ɓangare ke zaton na ɗaya ne. An haɗa da masu unguwanni da dagatai, waɗanda suka san gidan da aka haihu jiya. Yaro na ƙarshe da cutar ta asali ta kama a Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Abin lura a nan shi ne, adadin bai zama hanyar karɓar kaso ba, kuma akwai alƙalin da ba ya karɓar cin hanci: idan an yi ƙarya a takarda, ƙwayar cutar za ta tona. A gwada wannan da rajistar talakawa ta ƙasa, wadda Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima, ta ce a watan Yulin 2023 ba ta gamsu da ingancinta ba, a daidai lokacin da cire tallafin mai ya sa ake matuƙar bukatarta.

Ƙidayar manoma ta 2022, wadda aka yi bayan kusan shekara 30 ba a yi irinta ba, ta nuna gidaje miliyan 40.2 ne ke noma a ƙasar nan, Kano ce kan gaba da kimanin miliyan 2.4. Tushe ne mai kyau. Sai dai ƙidaya hoto ce ta rana ɗaya, bibiyar ci gaba kuwa na bukatar rubutun yau da gobe, kuma a nan ne muka fi rauni. Binciken 2021 da NBS ta yi tare da UNICEF ya nuna kashi 57 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, a karkara abin ya fi haka ƙasa, rajistar mutuwa kuwa ba a ma maganarta. Alhali babu jaririn da ake raɗa wa suna a Makoɗa ba da sanin liman da mai unguwa ba, babu kuma gawar da ake kaiwa makwanci a ɓoye. Labarin yana nan, mai rubutawa ne babu. Littafi ɗaya a hannun kowane mai unguwa, da ɗan alawus da ake biya a kan kari, da malamin da zai tattara duk wata ya miƙa wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kano, ba su kai kuɗin motar alfarma ɗaya ta ayarin babban mutum ba.

Haka batun farashi da amfanin gona. Dillalan Dawanau kan san yadda damina ta kaya a ƙasar Ɗambatta da Makoɗa tun kafin rahoto ya isa ma'aikatar gona, don kuɗinsu ne a ciki. Amma iliminsu na cikin ka da wayar hannu, kuma tiyar wata kasuwa ba ita ce ta wata ba, buhu ma suna ya tara. Maƙwabciyarmu Nijar, duk da ƙarancin abin hannunta, ta daɗe da hukumar da ke bin kasuwannin hatsi irin na Maraɗi da Damagaram tana fitar da farashi a kan kilo a kai a kai, kuma da shi ake hango yunwa tun tana nesa. Ɗan kasuwar da zai zuba miliyoyi a ajiyar wake, da ma'aikacin da ƙungiyarsa za ta zauna teburin neman ƙarin albashi, duk suna bukatar irin wannan adadi da kowa ya yarda da shi.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kason da ya kai kashi 20.6 na Asusun Tarayya. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, amma ko da an aiwatar da shi gobe, tambayar za ta taso: da me za a auna shugaban ƙaramar hukuma bayan ya gama wa'adinsa? A halin da ake ciki, da hotunan buɗe ayyuka da allunan kwangila ake auna shi. Abin da ya kamata majalisar dokokin jiha ta wajabta shi ne kowace ƙaramar hukuma ta liƙa a ƙofar sakateriyarta, duk ƙarshen shekara, da Hausa, mazaɓa-mazaɓa: yara nawa aka haifa, nawa suka rasu kafin shekara biyar, mata nawa suka rasu wajen haihuwa, ɗalibai nawa aka tarar a aji ranar da aka shiga ba sanarwa, famfo nawa ke ba da ruwa cikin waɗanda aka gina. Kuma wanda zai tantance adadin kada ya kasance yana karɓar albashinsa daga hannun wanda ake aunawa. Shekarar farko adadin zai ba da kunya, zai kuma zo da kurakurai. Daga shekara ta uku ne mutumin Koguna zai fara iya ɗora takardar bana a kan ta bara ya ga inda aka dosa.